Shimi ya hana ni barci: amsa ga wata ɗaliba a Tawa

Wasiƙar wannan makon daga birnin Tawa ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Malama, ina ajin ƙarshe a lise, sashen D. Tun da muka shiga shimi organik na rasa gane kaina. Ina haddace darasi da dare har in iya karanto shi da ka, amma ranar dabuwar sai in ga kamar ban taɓa ganin sa ba. Na ƙarshen nan 5 bisa 20 na samu, kuma har yau ban faɗa wa innata ba. Sabulu take yi tana sayarwa, da shi take saya mini kaye da littafi. Babana yana cirani a Abijan, ya ce in na faɗi bak babu maimaici, aure za a yi mini. Sau ɗaya na ɗaga hannu na yi tambaya, mushe ya ce wannan ai tun bara ya kamata in san shi, aji ya kwashe da dariya, ban sake ba. Burina in zama likita. In haƙura ne, ko in nemi komawa sashen A?"

Ƴata, Allah ya yi miki albarka da kika rubuto. Na yi shekaru ina koyar da fizik da shimi a nan Yamai, kuma irin wannan magana taki na sha jin ta a bakin ƙofar aji bayan kowa ya watse. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don hankalinki ya kwanta. Kada ki haƙura, kada kuma ki nemi sashen A. Shi ma yana da nasa nauyin na falsafa da adabi da harsuna, wanda ƴan ajin suka yi shekara biyu suna sabawa da shi kafin ki iso. Ƙofar karatun likita a Jami'ar Abdu Mumuni kuwa da bak ɗin kimiyya ake ƙwanƙwasa ta. In kika sauya yanzu, kin ajiye ciwon da ke da magani kin ɗauki wanda ba ki san kansa ba.

Ciwon naki ke da kanki kika faɗi sunansa: hadda. Mu ƴan allo ne, da hadda muka tashi, kuma baiwa ce babba. Yarinyar da ke iya riƙe shafi guda a ka ba wanda ya isa ya kira ta daƙiƙiya. Sai dai hadda tana cin kasuwarta ne inda za a tambaye ki abin da kika karanta harafi da harafi. Mai shirya jarrabawar shimi kuwa da gangan yake sauya kaya. Kin haddace da propen, sai ya kawo miki buten, kuma da ƙwayar karbon ɗaya ta ƙaru sai duk haddar ta watse. Sinadaran da ke ɗauke da karbon, waɗanda su ne abin karatun shimi organik, miliyoyi ne, ba mahaluƙin da zai haddace su. Amma abin da suke yi wa juna in sun haɗu, wato reyaksiyon, a matakin lise bai wuce a ƙirga da yatsu ba.

Ni ma ta nan na biyo. A lisen da na yi akwai ɗakin gwaji, amma a kulle yake, ba mu taɓa ganin cikinsa ba. Na rubuta ya fi sau goma cewa ruwan permanganat yana rasa launinsa, ban taɓa gani da idona ba sai da na shiga jami'a. Ranar da na gani na tsaya riƙe da kwalbar, raina ya ɓaci saboda shekarun da na yi ina tsoron abin da ashe a fili yake. Ba na son ki jira kamar yadda na jira.

Ki samo yumɓu ko ƙullin fulawa, da kwalin ashana. Ki mulmula manyan ƙwallaye su zama karbon, ƙanana su zama idirojen, na oksijen ki shafa musu shuni don ki bambance su. Tsinken ashana shi ne hannu. Karbon hannu huɗu gare shi, ba ya yarda da uku, ba ya iya biyar. Oksijen biyu, azot uku, idirojen da kulor da burom ɗaya-ɗaya. Wani Bajamushe mai suna Kekule yana cikin waɗanda suka fara bayyana hannuwan nan huɗu a 1858, kuma kusan duk abin da ke cikin kayenki a kansu aka gina shi. Daga yau duk ekwasiyon da kika gani a allo, kafin ki kwafe ta ki yi mata tambaya biyu: wane hannu aka saki, kuma wa aka kama da shi?

Ki fara da metan, CH4. Karbon ɗaya, idirojen huɗu, babu hannun da ke wofi. Kamar motar Konni ce da ta cika a tasha, mai son shiga sai wani ya sauka. Kulor ya zo, idirojen ɗaya ya sauka, kulor ɗaya ya zauna a wurinsa, wanda ya sauka kuma ya tafi da ɗayan kulor ɗin: CH4 + Cl2 → CH3Cl + HCl. Wannan ita ce musanya, wadda aka rubuta muku subistitusiyon. Ba ta faruwa a duhu, sai da haske, domin hasken ne ke raba kulor biyun da juna su sami damar kai farmaki. In kulor na da yawa musanyar ta ci gaba, idirojen na biyu ya sauka, na uku ya sauka, a sami CHCl3, kuloroform ke nan da likitoci suka fara sa wa majinyata barci da shi a 1847. Duk dangin alkan, wato su metan masu hannuwa a cike, haka suke. Benzen ma, mai karbon shida a zobe, duk da zanensa na sa mutum ya zaci zai karɓi baƙi, musanya ya fi so, don ba ya son a taɓa masa zobensa. Alamar musanya a takarda ita ce biyu sun shiga, biyu sun fito.

Yanzu ki gina etilen, C2H4. Za ki ga sai kin sa tsinke biyu tsakanin karbon biyun kafin hannuwa su cika. Sun riƙe juna da hannu bibbiyu, irin gaisuwar da yaro ke yi wa babba. Riƙo na biyun bai kai na farkon ƙarfi ba, saboda haka da baƙi sun zo sai kowane karbon ya saki hannu ɗaya ya kama baƙo, ba tare da kowa ya sauka ba. Wannan shi ne ƙari, adisiyon. Biyu sun shiga, ɗaya ya fito. Baƙin da ke cikin karatunku sanannu ne. In idirojen ne, ana bukatar nikel ya yi dillanci, sai a sami etan. In burom ne, ruwansa mai ja-ja zai koma fari tas, kuma da haka ake gane alken, wato dangin etilen, daga alkan a jarrabawa. In ruwa ne, tare da ɗan asid, H ya kama nan, OH ya kama can, a sami etanol.

Kina ganin wannan a madafinku kullum. Me ya sa man gyaɗa ke gudu, man kaɗe kuma yake daskare a gwangwani? Man gyaɗa ya cika da asid oleyik, mai karbon 18 da riƙon hannu biyu a tsakiyar sarƙarsa, wanda ke lanƙwasa ta ya hana ƙwayoyin jeruwa su matse. Man kaɗe yana da asid isteyarik da yawa, shi ma karbon 18 ne, amma sarƙarsa miƙaƙƙiya ce, duk hannuwa a cike. Oleyik yana narkewa tun a wajen digiri 13, isteyarik kuwa sai an kai shi kusan 69. Bambancinsu idirojen biyu ne kacal. In aka ƙara wa oleyik idirojen biyun nan ya zama isteyarik, kuma ta haka masana'antu ke daskarar da mai su yi margarin. Wasu Faransawa biyu, Sabatiye da Sandarans, su ne suka gano dillancin nikel ɗin a 1897, har Sabatiye ya sami kyautar Nobel a 1912.

Inda ɗalibai suka fi zubar da maki a nan shi ne in karbon biyun ba su yi daidai ba. Ki duba propen, CH3–CH=CH2. A bakin riƙon akwai karbon mai idirojen biyu da mai idirojen ɗaya. Ruwa ya zo da H da OH, wa zai je ina? Wani masani ɗan Rasha, Markobnikob, ya ba da amsa a 1870: H ya fi zuwa wurin karbon da tun farko ya fi yawan idirojen. Ni nakan ce wa ɗalibaina, kogi bai ƙi yayyafi ba. Saboda haka OH ya faɗa tsakiya, a sami CH3–CHOH–CH3. Ki kula da kalmar "ya fi", don ɗayan ma ana samun sa, kaɗan ne kawai, kuma mai gyara takarda yana son ya ga kin ambaci mai rinjaye da maras rinjaye.

In babu baƙo, etilen sukan saki hannu su kama junansu, dubbai a jere, su zama polietilen, wanda aka fara samu ta wannan hanya a Ingila a 1933. Ledar nan ce baƙa da ke rataye a kan ƙaya a bayan gari. Da zarar sun haɗu sun zama ƙaton alkan mai hannuwa a cike, shi ya sa ba ta ruɓewa, akuyar da ta haɗiye ta kuma cikinta ba ya iya narkar da ita. Asetilen na masu walda, wanda ke tashi in an zuba wa karbir ruwa, shi riƙon hannu uku gare shi, don haka yana karɓar baƙi sau biyu.

Cirewa, eliminasiyon, ƙari ne aka juya. Ki ɗauki etanol ɗin da kika gina, ki zare OH daga wannan karbon, ki zare H daga maƙwabcinsa, hannuwa biyun da suka zama wofi su kama juna. Ga etilen ga ruwa, ɗaya ya shiga, biyu sun fito. Abin haddacewa a nan zafi ne kawai: da asid sulfurik mai kauri a wajen digiri 170 zuwa 180 alken ake samu, a wajen 140 kuwa etanol biyu ne ke haɗuwa su fitar da ruwa ɗaya su zama eter.

Ƙonewa ba ta da wuya. Iskar da ke cikin tukunyar gas galibi butan ce, wadda matatar SORAZ ta Damagaram ke fitarwa tun da ta fara aiki a 2011: 2 C4H10 + 13 O2 → 8 CO2 + 10 H2O. Wajen daidaitawa ki fara da karbon, sai idirojen, oksijen a ƙarshe. In wutar shuɗiya ce oksijen ya wadata. In ta yi rawaya tana baƙanta gindin tukunya bai wadata ba, kuma a nan ne CO ke fita, iskar nan maras wari da ke kashe masu kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe lokacin sanyi. Wannan kam ki faɗa wa mutanen gidanku ko ba don jarrabawa ba.

Kafin in wuce, na san akwai yaran da kalmar alkol ke sa su ɗari-ɗari. A shimi sunan dangi ne na duk abin da ke da OH a jikin karbon mai cikakkun hannuwa, har da wanda ake goge wurin allura da shi a asibiti, har da giliserin na man shafawa. Ita kalmar ma daga Larabci Turawa suka aro ta, al-kuhl, wato kwallin da kike sawa a ido.

A ajinku, inda makin yake shi ne oksidasiyon ta hankali, wadda ba ta karya sarƙar karbon kamar yadda wuta ke yi. A nan ma kada ki haddace jadawali. Ki nemo karbon da ke riƙe da OH, ki ƙirga idirojen nawa suka rage masa, domin su ne kuɗin da zai biya. In karbon ɗaya ne maƙwabcinsa, alkol na aji na farko ke nan, idirojen biyu gare shi. Ya biya ɗaya ya zama aldeyid, in mai karɓa, wato permanganat ko dikuromat, na da yawa ya sake biya ya zama asid. Haka etanol ke zama asid etanoyik, tsamin binegar. In maƙwabtansa biyu ne, idirojen ɗaya gare shi, ya biya ya zama seton, aljihu ya ƙare, ya tsaya nan. In maƙwabtansa uku ne ba shi da ko ɗaya, don haka ba abin da ke faruwa. Kin ga layi uku na jadawalin sun fito daga ƙirge ɗaya. Sauran launuka ne, su kam sai hadda, kuma a nan baiwarki za ta yi miki rana. Permanganat mai asid yana tashi daga shunayya ya koma fari, dikuromat daga ruwan lemo ya koma kore. Ruwan gwajin da ake kira DNPH yana ba da gari rawaya da aldeyid da seton duka. Ruwan Felin kuwa aldeyid kaɗai ke mai da shi ja kamar jan bulo, haka ma madubin azurfa na ruwan Tolens. Duk tambayar da ta ce "DNPH ya ba da rawaya, Felin bai sauya ba", seton ake nufi, kuma alkol ɗin da ya haife shi na aji na biyu ne.

In kina son gani da idonki, permanganat ana sayar da shi a farmasi don wanke ƙuraje. Ki jiƙa ɗan mitsitsi a ruwa cikin kwalba har ya yi shunayya mai haske, ki ɗiga ruwan lemun tsami kina girgizawa. Launin zai dushe a gabanki. Kada a sha, kada a bar shi kusa da ƙannenki, ki kuma kiyaye tufafinki don yana tabo.

Na bar mafi muhimmanci a ƙarshe, saboda shi ne ya sa na karanta wasiƙarki sau uku. Kin ce innarki sabulu take yi. Ƴata, darasin da ke hana ki barci a tsakar gidanku ake dafa shi.

Asid in ya haɗu da alkol, OH ya fita daga asid, H ya fita daga alkol, su zama ruwa, sauran biyun su kama juna su zama ester. Ƙamshin ayaba da na alewar yara da yawa ester ne. Wannan haɗuwa tana da halaye uku da ake tambaya kusan kowace shekara: tana da jinkiri, ba ta fitar da zafi ba ta sha, kuma ba ta kaiwa ƙarshe, domin ruwan da aka samu yana komawa ya warware ester ɗin, abin da ake kira idiroliz. Wani masani Bartalo da abokin aikinsa suka auna wannan a Faransa a 1862. In aka haɗa mol ɗaya na asid da mol ɗaya na alkol na aji na farko, wato yawan ƙwayoyinsu daidai, kashi 67 cikin 100 ne ke zama ester. Na aji na biyu kusan 60, na aji na uku kusan 5 kawai. Wato giram 60 na asid etanoyik da giram 46 na etanol ba za su ba ki giram 88 na ester ba, wajen 59 za ki samu. Ga tarkon da ke kama ɗalibai: zafi da ɗigon asid sulfurik suna sa a isa da wuri, amma ba sa ƙara ko kashi ɗaya. Mai son ƙari sai ya yawaita ɗaya daga cikin biyun, ko ya riƙa janye ruwan, ko ya yi amfani da kulorur na asil a maimakon asid, wanda shi nan take yake yi kuma har ƙarshe.

To, mai da kitse duk ester ne. Giliserin yana da OH uku, kowanne ya kama dogon asid ɗaya, irin su oleyik da isteyarik da na faɗa miki. Man shanun da ya daɗe ya yi ɗoyi, ruwa ne ya warware wani ɓangarensa ya saki asid butanoyik, kuma daga sunan man shanu a Latin aka samo "but" ɗin da ke cikin butan da buten. Abin da innarki ke yi shi ne ta warware ester ɗin da ƙarfin soda. Mai ɗaya, NaOH uku, a sami giliserin ɗaya da gishirin asid uku, gishirin nan shi ne sabulu. Saponifikasiyon ke nan, wadda wani Bafaranshe, Shabrel, ya bayyana a littafinsa na 1823. Ita ma tana da jinkiri, amma tana kaiwa ƙarshe, domin gishirin ba ya komawa ya kama giliserin.

Ki zauna kusa da ita ranar da za ta yi, kayenki a cinya. Ki ga yadda take zuba soda cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba, ki taɓa bayan robar ki ji zafin da ke tashi. Ki tambaye ta me ya sa ba ta yi a tukunyar alminiyum. Za ta ce soda na cin ta, kuma gaskiya ne, har iskar idirojen ke fita. Ki ga yadda take juyawa ba ƙaƙƙautawa har ya yi kauri kamar kunu, saboda mai da ruwa ba sa haɗuwa sai an tilasta musu. Ki tambaye ta me ya sa take barin sabulun ya yi makonni kafin ta kai kasuwa, da abin da ke faruwa ga fatar mutum in soda ta yi yawa, ko ga sabulun in mai ya yi yawa. Abin da mushe ke kira sinadarin da ya yi rara da wanda ya fara ƙarewa, ita da hannunta take auna shi. In akwai tsohuwa a unguwa mai yin sabulun salo da ruwan tokar kara, ki duba nata ma. Ya fi laushi, domin toka potasiyom ke cikinta, soda kuma sodiyom.

A zaman nan ne nake son ki faɗa mata makin. Na san abin da ya hana ki: kina ganin hannuwanta da soda ta cinye, kina jin kamar kin ci amanarta. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, takardar sakamako za ta zo gida ko ba jima, kuma jin ta daga bakinki yau ya fi mata sauƙi nesa ba kusa ba. Ki ce, Inna, na sami 5, ga inda na kasa, ga kuma abin da zan yi. Uwa ta fi ɗaukar mugun labari in ya zo tare da shiri. Ki roƙe ta ta ɗauke miki wani aikin gida na safe har zuwa jarrabawa, ko minti arba'in ne bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, lokacin da ba ki bukatar lantarki.

Maganar babanki ban raina ta ba. Mutumin da ya bar iyalinsa yana nema a ƙasar wasu, kowace dala da gumi yake samun ta, tsoronsa kada ta tafi a banza. Duk da haka ra'ayina a fili yake: aure ba horo ba ne, kuma ba daidai ba ne a rataya shi a wuyan yarinya ta shiga ɗakin jarrabawa da shi. Kada ki yi jayayya da shi a waya. Ki bar innarki ta fara, in ya so a sa wanda yake jin nauyinsa, kawunki ko goggonki ko malamin unguwa, su roƙe shi ya raba maganar biyu, ta karatu daban, ta aure daban. Ba zan yi miki alkawarin za ki ci bak bana ba, wannan na Allah ne. Amma na ga ɗalibai da dama da suka ci a karo na biyu suka kuma yi nisa, ya kamata ya ji wannan tun yanzu daga bakin babba. Ki tuna kuma mwayen ake dubawa, lissafi da kimiyyar halittu suna da nauyi a sashenku, kada tsoron shimi ya sa ki yi sakaci da su.

Shi kuma mushe, abin da ya yi bai kyauta ba. Malami ba ya kunyata mai tambaya. Amma akwai gaskiya ɗaya a maganarsa: alkan da alken darasin bara ne, kuma a kansu na bana ya zauna. Ki ciro kayen bara ki ba shi mako guda da yumɓu da ashana. Bayan haka ki koma wurinsa a ƙarshen darasi, ke da ƙawarki, a cikin makaranta, da tambaya a rubuce: na yi nan, na yi nan, a nan na tsaya. Malamin da ya ga an yi ƙoƙari da wuya ya kori mutum. In ya kore ki, akwai wani malamin a wani aji, akwai kuma ɗaliban Jami'ar Jibo Hamani nan garinku da suka wuce ta wannan hanya kwanan nan. Ki nemi tsofaffin takardun bak, ki riƙa yin tambaya ɗaya kullum kaye a rufe, sai kin gama ki buɗe. Ki haɗa kai da ƙawaye biyu, kowa ta riƙa yi wa sauran bayani da Hausa, domin abin da kika kasa faɗa da Hausa ba ki riga kin gane shi da Faransanci ba.

Ga aikin da na ba ki kafin mako mai zuwa. Ki ɗauki buten mai riƙon hannu biyu a karbon na farko, CH2=CH–CH2–CH3. Ki ƙara masa ruwa, ki faɗi alkol mai rinjaye da ajinsa. Ki zuba wa alkol ɗin permanganat mai asid, ki faɗi abin da ya zama, da abin da DNPH da ruwan Felin za su nuna. Sannan ki koma ga alkol ɗin, ki haɗa mol ɗaya nasa da mol ɗaya na asid etanoyik, ki gaya mini mol nawa na ester za a samu. Ki gina kowanne da yumɓu kafin ki taɓa biro. Ki aiko mini da amsar ko da kina ganin ba daidai ba ce, ki kuma gaya mini abin da innarki ta ce. Ki gaishe ta da kyau.